Ciyawar da Ta Tsaya a Bakin Iyaka

Ulanbator, tsakiyar kaka

Zuwa ga Yayana Gombo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Kuna cin kaka lafiya? Dabbobi suna ƙiba? Yaya gwiwar Inna, ta sake ta ko har yanzu tana hana ta hawa doki? Ina gaida matarka Yaya Handa da yara. Ni ma lafiya ƙalau, sai hayaƙin garin nan da ya fara turnuƙe mu tun sanyi bai kankama ba.

Dondog direba ya iso da busasshen cukun da Inna ta aiko, an cinye rabi a hanya. Wai ɓera ne ya shiga motar. Ɓera mai gashin baki! Shi ne kuma ya kawo mini maganar da kai ba za ka taɓa faɗa mini ba. Ya ce damina ta wuce ku ko waiwaye ba ta yi ba, ciyawar kwarinmu ba ta kai idon sawu ba, abin da kuka yanka kuka tara kuwa ba zai kai ku ko'ina ba. Ya ce fatake sun fara hawowa da manyan motoci suna taya tumaki kamar alfarma suke yi muku, kai kuma har ka fara zagaya garke kana nuna iyayen tumakin da za ka ba su. Da ya tambaye ka abin da zai gaya mini, wai sai ka ce, "Ce mata dabbobi sun yi ƙiba."

Haba Yaya! Ni za ka yi wa haka? Na san fata nagari lamiri, na san a gidanmu ba a kiran mugun abu da sunansa don kada ya ji ya amsa. Har yau ban manta dundun da Inna ta ɗirka mini ba ranar da na ce sanyi zai kashe 'yan raguna. Amma ni ma a kwarin nan aka yanke mini cibiya. Na san abin da ke bin bayan damina irin wannan. Dabba ta shiga hunturu ba kitse, dusar ƙanƙara ta sauka, ta narke, ta sake daskarewa ta yi ɓawo, tunkiya ta yi ta tono har kofatonta ya yi jini ba ta kai ga ciyawa ba. A ofis kullum muna rubuta sunansa a takarda, zud, ko a jikinmu. Ga shi na rubuta maka sau ɗaya, na tofar da yawu, ba zan sake ba.

To ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Kada ka sayar da iyayen tumakin nan. Ka fitar da raguna da tsofaffin awaki in ka ga dama, amma iyayen ka bar su.

Manyan ƙasashen duniya, waɗanda hayaƙin masana'antunsu ya rikita mana damina, sun amince tun bara da wani asusu da za a riƙa agaza wa ƙasa da shi kafin bala'i ya sauka, maimakon ihu bayan hari da aka saba. Ma'aikatarmu ta nema, har ta gama ciniki da maƙwabcin arewa, wato ƙasar da muke iyaka da ita ta can. Taragun jirgin ƙasa cike da ciyawa da dusa suna nan tsaye a bakin iyaka, na ga hotunansu da idona, kuma lardinmu yana cikin na farko da za a kai wa. Abin da ya rage kawai shi ne manyan su zauna a birnin Busan wata mai kamawa su ce a saki. Ka san wadda za ta zauna a bayan shugaban tawagarmu tana yi masa tafinta? Ƙanwarka ce, wadda ka ce karatun harsunan waje ba zai taɓa tatso mata ko cokalin nono ba.

Shugaban namu Sambu ne, Sambu guai muke kiransa don girmamawa. Dattijo ne, ɗan makiyaya, har yanzu in ya zauna a kujerar ofis sai ya naɗe ƙafa ɗaya kamar yana gefen murhu. Na ba shi labarinka, ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Gaya wa yayanki, wanda ya sayar da uwar garke ya sayar da bazararsa." Ka ga ba ni kaɗai na faɗa ba.

Na sani in mashigin dutse ya toshe, fatake ba za su sake hawowa ba sai bazara, kuma abin da ba ka sayar ba ya zama naka, da daɗi ba daɗi. Amma taron zai ƙare kafin nan. Tumakin nan jinin na Baba ne, shekara da shekaru yana zaɓe yana warewa kafin ya bar maka su. In ka ba fatake su a wannan wulaƙantaccen farashi, da me za ka sake tada garke? Ka ba ni 'yan makwanni kawai.

In na isa can, zan riƙa ɗaukar hoton wasiƙa in tura wayar Dondog, shi kuma ya hawo muku da ita tunda kwarinmu ba ya kama waya. Dondog, na san kana karantawa. Ka ji kunya.

A shafa mini kan yara. Ku ci kaka lafiya.

Ƙanwarka,
Norjma

Busan, farkon hunturu

Yaya Gombo,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Kun koma masaukin hunturu lafiya? Inna tana shan maganinta, ko tana ɓoye shi a ƙarƙashin katifa yadda ta saba? Yaya Handa da yara fa? Mun sauka lafiya, kuma saƙonka ya same ni. Na gode da ka ji maganata ka sallami fatake da raguna kawai. Na ga kuma ka ƙara da cewa dabbobi sun yi ƙiba. To, madalla.

Abinci dai ba a magana. Ganye da kifi, kifi da ganye, sai ka ce akuya da kyanwa aka gayyato. Sambu guai ya taho da busasshen nama a cikin jakarsa, kowace safiya sai ya jiƙa shi a ruwan zafi a ɗakinsa ya kira mu. Ba don shi ba da yanzu iskar teku ta ɗauke ni.

Na ce zan riƙa gaya maka gaskiya, don haka bari in gaya maka. Abin bai zo da sauƙin da na zata ba. Zauren ya fi filin kokawar lardinmu girma, kowace ƙasa da allon sunanta, kuma a ka'ida kowa bakinsa ɗaya ne da na kowa. A ka'ida ke nan. Amma in wakilin wata 'yar ƙasa yana magana, sai ka ga ana latsa waya, ana fita shan shayi. In ɗaya daga cikin manyan ya gyara murya kuwa, ko tari ba ka ji.

Na ƙetaren teku sun ce hannunsu a buɗe yake, amma ba za su zuba ko ƙwandala ba sai maƙwabcinmu na kudu ya zuba, tunda yanzu hayaƙinsa ya fi na kowa. Maƙwabcin kudu ya ce shi har yanzu mai tasowa ne, waɗanda suka hura wutar tun zamanin kakanni su ne za su fara ɗebo ruwa. Turawa sun fi kowa daɗin baki. Wata mata a cikinsu ta riƙe hannuna har idonta ya kawo ruwa, sannan ta tambaye ni ko mun taɓa tunanin rage awaki, wai su ne ke cinye mana ƙasa. Yaya, rigar da ke jikinta ta gashin akuya ce, na san laushinsa ko a mafarki, wataƙila ma Yaya Handa ce ta taje shi. Masu rijiyoyin mai su ba sa cewa a'a, sai dai kullum su nemi a ƙara nazari. Maƙwabcin arewa kuma ya naɗe hannu ya yi gum, shi dai a biya shi kuɗin ciyawarsa.

Mu kuma fa? Gaba kura baya sayaki. Kwal ɗin da motocinmu ke jigila dare da rana zuwa kudu shi ne albashina, shi ne maganin Inna, shi ne makarantar yaranka. Ta yaya za mu ɗaga murya a kan mai sayen kayanmu? Jiya wani matashi a tawagarmu ya rubuta jawabi mai zafi, Sambu guai ya karanta, ya ninke, ya mayar masa, ya ce, "Ɗana, mai doki ɗaya ba ya shiga sukuwa da masu garke. Ajiye wannan ka karanta wa matarka." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Duk da haka ban fid da rai ba. Abin da muke nema bai kai abin da aka kashe wajen ƙawata zauren nan da furanni ba, in ji wani ɗan jarida, ko da yake ban san inda ya samo lissafinsa ba. Masananmu sun kawo hujja a kan farin da aka yi, ba wanda ya musa. An sa maganarmu ranar ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ne ya rage, shi ne shugaban tawaga ya tashi a gaban kowa ya tabbatar da bakinsa cewa ƙasarsa tana sa ran bala'i a wannan shekara. Daga nan sai a buga guduma, taragu su taso.

Kowace safiya kafin in wanke fuska sai na duba hasashen yanayin lardinmu. Na ga an ce akwai gajimare yana tahowa ta yamma. Ina dubawa sai in kife wayar, kamar kifewar za ta tsayar da shi. Ka ƙara haƙuri kaɗan, Yaya. Ka rufa wa masu ciki bargo, ka riƙa ba su abin da ka tara da kaɗan-kaɗan, ka ajiye gishiri kusa.

Ina gaida Inna. Ka ce mata na sayo mata man shafawa na gwiwa, an ce na nan ƙasar yana aiki. Ku ci hunturu lafiya.

Taka,
Norjma

Busan, ranar tashi daga taro

Yaya,

Ina gaishe ku duka, ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. Dondog, don girman iyayenka, kana ganin wannan ka tada mota.

Yaya, ka sayar. Duk wanda ya hawo da mota, ko nawa ya taya, ka ba shi. Iyayen ma ka ba shi. Abin da ba a saya ba ka yanka tun da sauran nama a jikinsa. Ciyawar ba za ta zo ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don in ban faɗa wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Da hantsi aka kira maganarmu. Wani lauya daga tawagar ƙetaren teku ya nemi magana, dogo, mai fara'a, irin mutanen da ke gaishe ka da hannu biyu. Ya ce ya karanta takardarmu cike da tausayi, sai dai akwai kalma ɗaya da ba ta cikin ƙamus ɗinsa, kalmar nan da na rubuta maka sau ɗaya na tofar da yawu. Aka ba masaninmu dama ya bayyana, ni kuma na fassara. Na yi iya ƙoƙarina. Na ce fari ne ke haifar da shi, farin kuma zafin duniya ne ya kawo shi, sanyin ƙarasawa kawai yake yi. Lauyan ya gyaɗa kai, ya ce abin mamaki, an taru a kan ɗumamar duniya ga wasu sun zo da kukan sanyi. Aka ɗan yi dariya. Sai ya juya ga Sambu guai ya ce, "Mai girma wakili, tambaya ɗaya ce. Kana tabbatar wa wannan zaure cewa dabbobin ƙasarka za su mutu a hunturun bana?"

Na juya masa tambayar kalma da kalma. Sai da ta fito da harshenmu na ji yadda take. Ka taɓa jin an yi wa makiyayi wannan tambaya? Ko maƙiyinka ba zai tsaya a ƙofar ger ɗinka, tantin da kake kwana, ya yi maka ita ba.

Dattijon nan ya miƙe. Ya san sharaɗin, tare muka yi ta bitarsa, har ya haddace abin da zai ce. Na ga yatsunsa suna neman carbi a aljihu. Sannan ya ce, "Da yardar Sama, za mu ci hunturu lafiya."

Na kashe abin magana na matsa kusa da kunnensa na ce, "Guai, haka zan faɗa?" Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Abin da na faɗa za ki faɗa, 'yata. Ba zan tsaya a gaban duniya in yi wa dabbobin ƙasata baki ba."

Na yi tunanin in canza, Yaya, na rantse na yi. Wa zai sani? Amma a bayan wakilin kudu akwai wani mutum mai irin fuskarmu, daga makiyayan can ɓangaren iyaka, yana jin harshenmu kamar ni. Idonsa yana kaina. In na ƙara ko harafi, za a ce tafintar ƙasarmu ta yi ƙarya a zaure, a kore mu da takardar gaba ɗaya. Sai na kunna na faɗa yadda aka faɗa. Da bakina na faɗa.

Kai, ka ga yadda zauren ya saki jiki! Mutanen da suka kwana biyu ba sa ga maciji da juna, nan take bakinsu ya zo ɗaya. Lauyan ya ce yana taya mu murna da wannan kyakkyawan labari. Wakilin kudu ya ce yana girmama matsayin ƙasa maƙwabciya, ba zai yi mata katsalandan ba. Turawa suka ce zuciyarsu tana tare da mu. Masu mai suka ce ka ga amfanin nazari. Mutumin nan mai irin fuskarmu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ya san sarai abin da dattijo yake nufi, amma shi ma da mai gidansa a gabansa. Masaninmu ya yi ta ɗaga hannu, aka ce an riga an rubuta, lokaci ya ƙure, za a sake duba batun a zaman bazara. Guduma ta sauka, aka tafi cin abinci.

A waje ban san lokacin da na manta da furfurarsa ba. Na ce, "Guai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Kalma ɗaya fa aka ce ka faɗa!" Ya zauna a kan wani dakali yana kallon teku, hularsa a gwiwa. Ya ce, "Kina tsammanin akwai wanda bai gane ba a cikinsu? Duk sun karanta takardar. Ƙofa suke nema, da ban buɗe wannan ba da sun fita ta taga." Na ce to ai da ka bar su sun sha wahalar hawa tagar. Can sai ya ce uwarsa ta taɓa faɗin irin wannan magana sau ɗaya yana yaro, shekarar ba su fita da ko ɗan akuya ba.

Ina jin haushinsa har ba na son ganin ƙeyarsa. Kuma na san gaskiya ya faɗa, wannan ya fi ƙona mini rai. Tun ranar farko babu mai niyyar sakin komai, kowa jira yake wani ya fara, mu kuma muka zauna jiran gawon shanu, har na jawo ka ka zauna tare da ni. Lauyan nan ma ban sani ba ko ya san al'adarmu ne ya ɗana tarkon, ko sa'a ce ta faɗo masa. Ko wanne ne, ciyawa dai tana bakin iyaka, kuma maƙwabcin arewa ya ce zai nemi wani mai saye.

Gobe za mu taso. Kada ka tsaya ba ni amsa, ka nemi fatake kawai.

Ƙanwarka,
Norjma

Ulanbator, bayan bikin Farin Wata

Zuwa ga Yayana Gombo,

Gaisuwa da girmamawa. Kun shiga sabuwar shekara lafiya? Yaya jikin Inna? Yaya yatsunka, sun fara jin taɓi? Ina gaida Yaya Handa, ina yi mata sannu da ɗawainiya. Sauran gaisuwar da aka saba yi a kan dabbobi, ka yafe mini, hannuna ya ƙi rubuta ta.

Dondog ya zo jiya, ya zauna a ɗakina ya ƙi shan shayi. Dondog fa! Shi ya gaya mini cewa wasiƙata ta ƙarshe ba ta same ka ba sai da komai ya wuce. Ranar da na turo ta ya tada mota kamar yadda na roƙa, ya tarar mashigin dutse ya riga ya toshe, ya yi ta haƙa da shebur har ya haƙura ya juyo. Wasiƙar ta yi hunturu a cikin aljihunsa. Duk tsawon lokacin nan kana can kana leƙa hanya, kana ce wa yara ciyawar gwaggonsu tana tafe.

Bai ɓoye mini komai ba, ni ce na matsa masa. Ya ce kun shigar da masu ciki cikin ger kuna kwana tare da su. Ya ce Yaya Handa ta farke katifu ta ba su abin da ke ciki, Inna ta dafa musu shayi da ragowar gari, tumaki har ulun junansu suka riƙa ci. Ya ce yatsunka biyu sanyi ya cinye su wajen fasa ƙanƙara da hannu. Ya ce abin da ya rage a garken Baba ba zai cika bayan motarsa ba, sauran suna jibge a bayan shinge sun daskare, tarin ya fi tsayin mutum. Kuma da ya tashi tahowa ya ce me zai gaya wa Norjma, wai ka ce, "Ce mata mun ga sabuwar shekara." Ko zagi ɗaya ba ka aiko mini ba. Da ka zage ni da na fi samun barci.

Ni na ce kada ka sayar. Kai da ka san ƙasar nan kamar tafin hannunka ka ga abin da ke tafe, ka nuna wa fatake iyayen, ni kuma na zo da hoton taragu na tare ka. Ban da abin da zan ce a kan wannan, kuma ba zan cika ka da kuka a takarda ba, kana da abin da ya fi wannan a gabanka.

Na samo muku fili a gangaren dutsen arewacin gari, kusa da inda ake sayar da ruwa. Ba shi da faɗi, amma zai ɗauki ger ɗaya. Hayaƙi ya yi yawa a wajen, gara Inna ta zauna a ɗakina. Makarantar unguwar ta ce za ta karɓi yara. Na tambaya maka aiki, abin da ake samu dai shi ne lodin kwal ko gadi, kuma sun ce sai sun ga hannun naka tukuna. Kafin nan albashina zai riƙe mu, gida biyu a kan tukunya ɗaya, in an yi a hankali zai kai.

Sambu guai ya ajiye aiki. An ce ya koma wajen 'yarsa, ba ya fita, ba ya karɓar baƙi. Na je gaishe shi da bikin, ya riƙe hannuna ya tambaye ni sunanka, na faɗa, ya maimaita, ya saki hannuna. Na yi zaton zan ji sanyi in na gan shi haka, ban ji ba.

Yanzu ga abin da aka aiko ni in faɗa maka. Na fara rubuta shi na yage ya fi a ƙirga.

Manyan sun rubuto. Sun ce sun kaɗu da jin labarin, kuma a zaman bazara za su duba yiwuwar sa kalmar nan a cikin jerin bala'o'in da asusun ya sani, in an kawo musu hujjar da ido zai gani. Ba su ce za su biya abin da ya mutu ba, wannan wai wani asusun ne daban, shi kuma ba a gama shawara a kansa ba. Sabon shugabanmu ya san ni 'yar kwarin ce. Ya kira ni ofishinsa ya ce za a turo mai ɗaukar hoto da zarar hanya ta buɗe sosai, kuma gidanmu aka zaɓa.

Don haka an ce in roƙe ka kada ka binne su tukuna. Na san ƙasa ta fara saki, na san kana so ka kawar da su kafin su narke su fara wari, kafin ruwansu ya gangara rijiya. Na san ba ka son yara su ci gaba da wucewa ta gabansu. An ce ka bar tarin yadda yake, kada ka rage. An ce kuma ana son mutum a cikin hoton, kai da Inna in za ta iya tsayuwa, da tsofaffin kayanku na aiki, kada ku sa na biki. Hannun naka ma suna so a gani.

Na ce masa yayana ba abin kallo ba ne. Ya ce ya fahimta ƙwarai, sannan ya tambaye ni ko ina son in ci gaba da zama a tawagar, don akwai masu jiran kujerar.

Ba zan sake yi maka alkawari ba, Yaya. Ban yarda hoton nan zai kawo ko damin ciyawa ɗaya ba. Za su kalla, matar nan mai rigar gashin akuya za ta share hawaye, wani ya ce sai wani ya fara, a buga guduma. Na ga yadda ake yi. Amma in ka ƙi, aikina ya tafi, kuma shi kaɗai ya rage mana mu duka.

Ka tsaya musu, Yaya. Ba sai ka kalli mai hoton ba. In sun gama sun tafi, ka aiko Dondog ya ɗauke ni, in zo mu haƙa ramin tare.

Ina gaida Inna da Yaya Handa da yara.

Ƙanwarka,
Norjma